Zango a Bakin Teku da Iyali: Yadda Ake Shirya Tafiyar Mota Zuwa Gaɓar da Babu Kowa

Wajen ƙarfe biyu na dare maiɗakina ta taɓa ni a kafaɗa. "Baban yara, tashi ka ji. Ƙarar ruwan nan ta canza." Na ce mata ta koma ta kwanta, teku ne, haka yake. Ba ta kwanta ba. Ta zuge zif ɗin tanti ta haska tocila, sai ga kumfa fari fat yana lasar turken da na kafa da hannuna da la'asar, a wurin da a lokacin sai ka yi taku sittin kafin ka taɓa ruwa. Muka sunkuci yara uku da barci a idonsu, muka ja tanti da duk abin da ke cikinsa zuwa tudu. Takalmin autarmu ɗaya har yau yana hannun teku.

Teku yana da jadawalin cikarsa da janyewarsa, an buga shi, kyauta ake samu, ni ne ban duba ba. Tun daga daren na gane cewa wanda ya kai iyalinsa gaɓar da babu kowa ba shi ke yanka wa tafiya lokaci ba. Ruwa ne yake faɗin yaushe za a tuƙa, ina za a kwana, yaushe yara za su sauka wasa. Sauran shirin duk a kan wannan ake ɗora shi.

Mataki na farko: a san wurin da dokarsa

Kafin a sayi ko turke ɗaya, a tabbatar an yarda a kwana a inda ake son zuwa, kuma an yarda mota ta taka yashinsa. Abubuwa biyu ne daban, kuma kowace ƙasa da nata tsarin. A Nowe mutum yana iya kafa tanti a filin da ba gona ba, muddin ya ba gidan mutane tazarar mita 150 kuma bai wuce kwana biyu ba. A Sukotland dokar 2003 ta ba masu tafiya da ƙafa damar kwana a daji, amma damar ba ta haɗa da mota ba. Afirka ta Kudu ta kafa dokar hana tuƙin shaƙatawa a kan yashin bakin teku tun 2001. A tsibirin K'gari na Ostareliya kuwa yashin shi ne babban titi, sai dai mota tana buƙatar takardar izini, kwana ma da tasa takardar. Gaɓar Skeleton ta Namibiya ma sai da izini ake shiga. A tambayi hukumar da ke kula da wurin, a kuma tambayi masunta in akwai su kusa, domin su suka san inda yashi ke haɗiye taya da inda rafi ke canza hanya bayan ruwan sama.

In wannan ce fitarku ta farko, ku zaɓi wurin da bai wuce tafiyar awa biyu daga gari mai asibiti ba, ku yi kwana biyu kacal. Nisan da ya fi haka a bar shi sai an san halin mota da halin yara.

Mataki na biyu: a karanta jadawalin cikar teku

A yawancin gaɓoɓin duniya teku yana cika sau biyu ya janye sau biyu cikin awa 24 da minti 50. Daga cika zuwa janyewa awa shida ne da 'yan mintoci, kuma kowace rana lokacin yana jinkirta da kusan minti 50. Wato in yau ruwa ya gama janyewa ƙarfe tara na safe, gobe sai wajen goma saura minti goma, jibi kusan sha ɗaya saura ashirin. Wanda ya tsara tafiyar kwana biyar da lokacin ranar farko, rana ta huɗu zai iske hanyarsa a ƙarƙashin ruwa.

Girman cikar ma ba ɗaya ba ne. Wata ne ke jan ruwa, rana tana taimaka masa. Idan wata ya cika, da kuma lokacin da ya ɓace kafin sabo ya tsaya, jan nasu yana haɗuwa, sai ruwa ya hau fiye da kullum ya kuma janye fiye da kullum, galibi kwana ɗaya ko biyu bayan haka. A daren da ya tashe mu, farin wata ne tar, har ina yabon kyansa, ban san shi ne ke turo mini ruwa ba. Wuri da wuri ma sun bambanta: a Bahar Rum bambancin cika da janyewa yawanci bai kai rabin mita ba, a mashigin Fundy na Kanada yana kaiwa mita 16. Iska mai ƙarfi da ke kaɗowa daga teku tana ƙara wa ruwa tsawo fiye da abin da jadawali ya nuna.

Akwai lissafin da masu jirgin ruwa ke yi wanda ya kamata kowane uba ya haddace. A raba dukan ruwan da zai hau kashi goma sha biyu. Awa ta farko kashi ɗaya ke shigowa, ta biyu kashi biyu, ta uku uku, ta huɗu uku, ta biyar biyu, ta shida ɗaya. Rabin ruwan gaba ɗaya a awa ta uku da ta huɗu yake shigowa. Shi ya sa mutum yake ganin teku kamar yana barci, ya juya ya ɗora tukunya, kafin ya waiwayo ruwa ya zagaye dutsen da yara ke kai. A gaɓa mai shimfiɗe, hawan rabin mita kan cinye faɗin fili mai yawa.

A sauke jadawalin tashar jiragen ruwan da ta fi kusa da inda za ku, a buga shi a takarda, a manna a gaban mota. Waya tana mutuwa, takarda ba ta neman caji.

Mataki na uku: mota

Mako biyu kafin tafiya a kai ta wurin bakanike, don in an canza wani abu a samu lokacin gwada shi a gari. A duba birki, batir, lagireto, fambel, baƙin mai da tayoyi har da safaya. Tuƙi a yashi mai laushi aikin mota mai ja da ƙafa huɗu ne. In taku ba irin ta ba ce, babu abin kunya, a ajiye ta inda ƙasa ke da tauri a ɗauki kaya da hannu zuwa masauki.

Kayan da ba a barinsu: shebur mai dogon ƙota, gejin auna iskar taya, famfon iska mai aiki da batir ɗin mota, kayan facin taya, jak tare da faffaɗan katako da za a ɗora shi a kai (jak a kan yashi nutsewa yake yi), allunan da ake turawa ƙarƙashin taya in ta kafe, igiyar jan mota, wayar tayar da batir, fiyus, da abin kashe gobara. Makulli na biyu kuma kada ya kwana a cikin mota, ya zauna a wuyan uwargida.

Mai shi ne inda mutane ke yawan kuskure. Yashi yana sa mota shan mai ya ƙaru da rabi, wani lokaci ya ninka. A raba man gida uku: kashi ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya ba a taɓa shi. A cika tanki a gidan mai na ƙarshe ko da bai yi rabi ba.

Sai nauyi. A jikin ƙofar direba ko cikin littafin mota an rubuta iyakar abin da za ta ɗauka, kuma mutanen da ke ciki suna cikin lissafin. Kaya masu nauyi a ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya, a ɗaure su tamau. Kariyar sama ta katifu ce da tanti da kujeru. Jarkokin ruwa a saman mota su ke kifar da ita a gangaren tudun yashi.

Mataki na huɗu: ruwan sha da abinci

Abin dariya ne mutum ya yi ƙishi a gaban ruwan da ba a ganin ƙarshensa, amma haka abin yake. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kusan giram 35. Tafasawa ba ta cire shi, matatar ruwa ta 'yan zango ma ba ta cire shi. Ma'aikatan agaji suna lissafa lita 7.5 zuwa 15 ga mutum ɗaya a rana don sha da girki da ɗan tsafta. Ga iyali mai mutum biyar, kwana huɗu, a kan lita takwas, lita 160 ke nan. A ƙara ruwan shan kwana biyu na ko-ta-kwana, lita 40. Jimla lita 200, jarka goma masu lita ashirin, nauyin kilo 200. Da mutum ya ga wannan adadi zai gane me ya sa na ce a fara da kwana biyu.

A zuba a jarkoki da yawa, kada a dogara da babban tanki guda, don in ya huje an yi asarar duka. Wanke kwanuka da ruwan teku ake fara shi, a ɗauraye da ɗan ruwan daɗi. In an samu rafi kuma aka matsu, a ɗeba can sama inda gishiri bai kai ba, a bar shi ya tafasa sosai na minti ɗaya.

Abinci ba ya buƙatar dogon bayani. Abin da zai lalace a ci shi ranar farko da ta biyu, sauran kwanakin busasshe da na gwangwani. Kula biyu sun fi ɗaya: ta abin sha da yara ke buɗewa sau ɗari, da ta abinci da ake buɗewa sau biyu a yini. Robobin ruwa da aka daskarar a gida sun fi ƙanƙarar leda daɗewa, in sun narke kuma a sha. Dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a waje, in zafi ya haura digiri 32 awa ɗaya.

Mataki na biyar: wa ya san inda kuke?

Ku bar wa wani amintacce takarda mai ɗauke da lambar mota da launinta, sunayen waɗanda ke ciki, hanyar da za ku bi, inda za ku kwana kowane dare, da rana da awar da in bai ji daga gare ku ba zai kira jami'an ceto. Awar ita ce muhimmiya. "In kun ji shiru" ba lokaci ba ne.

Ku ɗauka babu sabis. A sauke taswirar yankin a waya tun a gida, Google Maps da OsmAnd duk suna ba da wannan damar, kuma waya tana gane inda take ta tauraron ɗan Adam ko babu sabis. A riƙe taswirar takarda ma. Ga wuri mai nisan gaske akwai 'yar na'urar neman ceto da ke aika sigina a zangon megahaz 406 zuwa tsarin taurarin ɗan Adam na ceto mai suna Cospas-Sarsat, ba ta da kuɗin wata amma sai an yi mata rajista. Akwai kuma masu aika saƙon rubutu irin su Garmin inReach, sai dai wasu ƙasashe, kamar Indiya, sun hana shiga da su ba izini. In mota ta lalace a inda babu kowa, a zauna kusa da ita. Ita ce inuwa, ita ce rumbun ruwa, ita masu nema ke fara hangowa.

Mataki na shida: hanya da yara

A tsaya duk bayan awa biyu, kowa ya miƙe ƙafa. Kowane yaro a kujerarsa da bel ɗinsa, har a kan yashi, domin rami ɗaya ya isa ya haɗa kan yaro da gilashi. Mai jiri a mota a zaunar da shi inda zai hangi gaba, a karɓe waya daga hannunsa. Ba a barin yaro a rufaffiyar mota ko na minti biyar. A tsara isa masauki da sauran awa uku kafin faɗuwar rana. Kafa tanti cikin duhu da iska da yara masu jin yunwa shi ne gajeriyar hanyar da miji da mata ke bi su daina magana da juna.

Mataki na bakwai: tuƙi a kan yashi

Lokacin tuƙi shi ne awa biyu kafin ruwa ya gama janyewa zuwa awa biyu bayan haka. A lokacin ne jiƙaƙƙen yashi ke da tauri kamar daɓe. In kun iso a makare, ku jira na gaba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kafin a sauka, a rage iskar tayoyi huɗun. Tayar da ke ɗaukar 32 zuwa 35 a ma'aunin psi a kan kwalta, a sauke ta zuwa 18 ko 20. Tafinta zai ƙara tsawo, sai ta riƙa shawagi a kan yashi maimakon tona shi. In aka yi ƙasa da 15, juya sitiyari da ƙarfi na iya zare taya daga rim. Da irin wannan iska ba a gudu, kilomita 40 a awa ya wadatar. A sa mota a ƙafa huɗu tun kafin a shiga, a riƙe totur daidai ba fizga, a bi sawun wanda ya riga ya wuce. In za a tsaya, a ɗaga ƙafa mota ta tsaya da kanta, domin taka birki da ƙarfi yana tara yashi a gaban taya. A yi fakin hanci na kallon gangare. Tudun yashi ana hawansa ne a miƙe, a sauko a miƙe, ba a ratsa shi a karkace, kuma mai ciyawa a kai ba a hawansa sam: saiwar ciyawar ce ke riƙe da gaɓar.

Ƙananan rafukan da ke gangarowa teku su ne tarko. Suna yanka yashi su bar gefe mai tsayi wanda ba a gani sai an zo kansa. A sauka a taka da ƙafa tukuna. In ruwan ya kai gwiwa ko yana jan ƙafa, ba na mota ba ne.

Mota za ta kafe, yau ko gobe. Da zarar taya ta fara juyi a wuri ɗaya, a ɗaga ƙafa nan take, don duk ƙarin totur kabari yake haƙa mata. A gwada komawa baya a hankali a kan sawun da aka shigo. In ta ƙi, kowa ya fito, a duba agogo da jadawali a san awa nawa ake da su, a ƙara rage iska zuwa 14 ko 12, a kwashe yashin gaban tayoyi da na ƙarƙashin ciki har a ga haske ta ɗaya gefen, a cusa allunan, a tashi da ƙaramar giya a hankali. In wata mota za ta ja ku, a ɗaura igiya a wurin da aka yi don haka. Dunƙulen ƙarfen jan tirela ba wurin ɗaura igiya ba ne, yana karyewa ya tashi kamar harsashi, kuma ya kashe mutane. Yara su koma nesa, ninki biyu na tsawon igiyar.

Mataki na takwas: inda za a kafa tanti

Ku sauka ku nemi layin da teku ya bari: jerin busasshiyar ciyawar ruwa, ɓawon kifi, itatuwa da tarkacen roba. Sau da yawa layi biyu ne ko uku. Na can sama, wanda ya fi bushewa, shi ne shaidar inda babbar cika ke kaiwa. Tanti da mota su wuce shi sosai. Kada a kwana a gindin gangaren dutse ko na ƙasa, suna zubowa. Kada a kwana a busasshen kwarin rafi, ruwan da aka yi a tsauni mai nisa yana iya isowa da dare. Kada a kwana a lungun da in ruwa ya cika babu mafita ta baya. A ƙasashe masu kadojin ruwan gishiri, kamar arewacin Ostareliya, ana ba bakin ruwa tazarar mita 50 aƙalla.

Iska tana da nata tsarin. Da rana ƙasa ta fi ruwa saurin ɗaukar zafi, sai iska ta kaɗo daga teku, ta fi ƙarfi da la'asar. Da dare ta juya, ta fito daga tudu a hankali. A juya wa teku ƙeyar tanti, a girke mota ta zama katanga. Siraran turakun da ke zuwa da tanti ba su da amfani a yashi. A nemi dogaye masu faɗi, ko a yi dabarar da ta fi su: a cika buhu da yashi, ko a sami guntun itace, a ɗaura igiya a tsakiyarsa, a binne shi a kwance zurfin kamu biyu, a tattake. Tanti zai yage kafin wannan ya fito. Wannan aikin yara ne, suna son sa. A ajiye bokitin ruwa da tabarma a ƙofar tanti don wanke ƙafa, in ba haka ba da yashi za a kwana har cikin kunne. Tamfol na inuwa shi ake fara kafawa kafin komai. Rigunan sanyi ma a taho da su, raɓar bakin teku tana jiƙa komai kafin asuba.

Ba a kunna risho, gas ko gawayi a cikin tanti, ko ana ruwa. Suna fitar da iskar guba marar wari marar launi, mutum yana barci take ɗauke shi. In an yarda a hura wuta a wurin, a yi ƙarama, a kashe ta da ruwa har sai an iya taɓa tokar da hannu. Binne garwashi da yashi ɓoye shi ne kawai, zafin yana nan har safiya, kuma ƙafar yaro ce ke gano shi.

Mataki na tara: yara da ruwa

A nan babu mai gadin masu iyo, ku ne. Doka ɗaya ce kuma a faɗe ta tun a mota: babu mai taɓa ruwa sai da babba. Babban kuma a ambaci sunansa, a ce "yanzu kai ne", domin in kowa na kallo to babu mai kallo. Ƙaramin yaro kada ya wuce inda hannu zai kamo shi, kuma ya sa rigar ceto ta gaske. Balan-balan na wasa iska ke tafiya da shi, da yaron a kai. Nutsewa ba ta da ihu, shiru ake yi.

Ku hau tudu ku kalli ruwan minti goma kafin kowa ya shiga. Inda kuka ga raƙuman ruwa suna fashewa dama da hagu, amma a tsakiya akwai wata hanya mai duhu, lumui, kamar ta fi ko'ina lafiya, to ita ce mafi haɗari. Ta nan ruwan da ya taru a gaɓa ke komawa teku, kuma gudunsa na iya kaiwa mita biyu da rabi a daƙiƙa, ya fi ƙarfin gwanin iyo. Ba ya danna mutum ƙasa, waje yake jansa. Wanda ya faɗa ciki kada ya yi kokawa da shi. Ya kwanta rigingine ya huta, ya ɗaga hannu, sannan ya yi iyo a gicciye, daidai da gaɓa, har ya fita daga hanyar. Wanda ke tudu ya jefa masa abin da ke yawo a ruwa, ko murfin kula ne ko jarka marar komai. Iyaye da yawa sun mutu wajen bin ɗansu hannu rabbana, ɗan kuma ya tsira.

A kan duwatsu ba a juya wa teku baya. Ramin da yara ke haƙawa kada ya wuce gwiwar ƙaraminsu, yashi yana rufzawa kuma yana da nauyi. A ruwa marar zurfi a riƙa jan ƙafa maimakon ɗagawa, don kifi mai ƙaya a wutsiya da ke kwance a ƙasa ya ji motsi ya gudu. In ya soki mutum, a tsoma wurin a ruwan zafi gwargwadon yadda fata za ta jure, a nufi asibiti. Halittar nan mai kama da lema, mai jiki kamar kitse da zaruruwa masu harbi, ko ta mutu a kan yashi ba a taɓa ta. In ta yi harbi a wanke da ruwan teku, kada a sa ruwan daɗi, kada a murza.

Rana a bakin teku ta sama da ta ƙasa ce, yashi da ruwa suna maido ta. Daga goma na safe zuwa huɗu na yamma a yawaita zama a inuwa, a sa hula da riga mai dogon hannu, a shafa man kariya duk awa biyu, komai duhun fata. Jariri ɗan ƙasa da wata shida inuwa ce tasa. A akwatin magani a sa bandeji, maganin wanke ciwo, na zazzaɓi daidai shekarun yara, na ƙaiƙayi, hantsaki, gidan sauro, da maganin da wani ke sha kullum tare da rarar kwana uku. In gudawa ta kama yaro: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Abu biyu ke sa a bar komai a tashi. In an ji tsawa, a shiga mota a rufe gilashi har minti 30 bayan ta ƙarshe, tanti ba ya kare kowa. In ƙasa ta girgiza da ƙarfi ko ta daɗe tana girgiza, ko teku ya janye farat ɗaya ya bar kifi a fili, a gudu tudu da ƙafa, ba a tsayawa naɗe kaya. Ranar 26 ga Disamba 2004, a Phuket ta Tailan, wata yarinya 'yar Ingila mai shekara 10 ta gane waɗannan alamu na ambaliyar teku da ake kira tsunami daga darasin da aka yi musu a makaranta, ta matsa wa iyayenta, aka kwashe mutanen gaɓar kafin ambaliyar ta iso. Ku koya wa naku.

Mataki na goma: tashi

Ba ku kaɗai ke kwana a gaɓar ba. Kunkurun teku a cikin yashi yake binne ƙwai, su yi kusan wata biyu, 'ya'yan kuma in sun fito haske suke bi zuwa ruwa. Fitilar zango tana juyar da su tudu su mutu. A lokacin ƙwai a kashe fitilu, in ya zama dole a yi amfani da ja, kuma kada a tuƙa da dare. Abinci a rufe shi a mota, dabbar da ta saba da hannun mutum ita ke cizon yaran da za su zo bayanku.

Bayan gida, in babu na tafi-da-gidanka, a haƙa rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20 a ƙasa ta gaske, mita 60 daga ruwa da masauki. Takarda da kunzugun jarirai a ƙulle a leda a tafi da su. Kafin a tashi a jera yara su zagaye wurin, kowa ya tsinto abin da ya gani, har da zaren kamun kifin da ba ku kuka yar ba. A cike ramukan da aka haƙa.

Lokacin tashi ma jadawali ne ke faɗa, don haka a naɗe abin da za a iya tun da dare. Da an taka ƙasa mai tauri a tsaya a mayar wa tayoyi iskarsu kafin a hau kwalta, domin taya mai ƙarancin iska in ta yi gudu zafi take ɗauka ta fashe. Da ƙaramin famfo aikin yakan ci minti ashirin ko fiye, a bar injin yana aiki don kada batir ya sauka. A ranar da aka isa gida a wanke ƙarƙashin mota da ruwa mai yawa, musamman birki da lungunan shasi inda yashi mai gishiri ke maƙalewa. Tanti a shanya shi ya bushe ƙarau kafin a naɗe, a wanke zif ɗinsa da tsohon buroshin haƙori, in ba haka ba fita ta gaba ba zai zugu ba.